Fasinjan da Ya Ƙi Sauka

Shekara huɗu na yi ina jin Baba Toma yana kashe mutane ta bayan bangon shagona, kuma ban taɓa kai ƙara ba. Ni tela ne a Wunti, cikin garin Bauchi. Tsakanin inda nake ɗinki da ɗakin da maƙwabcina Lucky yake ɗaukar murya babu komai sai bulo guda, shi ma an yi rowar siminti wajen ɗora shi. Ina tsaka da kafa aljihu sai in ji muryar tsoho ta ce, "Yau kwananka ya ƙare." Can kuma sai ya yi tari ya ce, "Lucky, mayar da shi baya kaɗan, ban ji abin da yaron ya amsa ba."

Wanda ya san muryar kaɗai, idan ya ga mai ita sai ransa ya ɗan ɓaci. Gajere ne, siriri, kullum cikin farar riga mai guga, da biro biyu a aljihu da lema a hannu ko da rani ne. Matarsa, Mama Roda, ta taɓa gaya mini cewa tun da suka yi aure bai taɓa yanka ko kaza ba, ran Kirsimeti ma sai ta aika an kira maƙwabci. Daga wani ƙauye ta wajen Bogoro ya fito, ya yi makarantar mishan, ya shigo Bauchi yana saurayi, ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin tafinta a kotu. Da ya yi ritaya ya koma gidansa a unguwar Yelwa ya zauna, har zaman ya ishe shi, shi ma ya ishi Mama Roda.

Sana'ar Lucky ita ce sa wa finafinan waje muryar Hausa, sannan a tura wa mutane a waya. Na Indiya manyan masu harkar sun riga sun mamaye, sai ya laluba ya samo waɗanda ba wanda yake taɓawa: finafinan ɗaukar fansa na ƙasar Ingila. Dalilin da ya sa ba a taɓa su kuwa shi ne Turancin cikinsu. Mutanen suna haɗiye rabin kalma ne su tofo rabi. Lucky ya gwada masu digiri biyu, duk suka sare. A coci wani ya ce masa ya nemi Toma, wanda Turawan mishan suka koyar tun yana ƙarami, kuma bai taɓa yini bai saurari rediyon Landan ba.

Na kalli finafinan nan sun fi ashirin, kuma a ganina labari ɗaya ne ake sake masa riga. Akwai tsoho, yawanci tsohon soja, matarsa ta rasu, gwiwa tana damunsa. 'Yan iskan yara sun kama unguwar. 'Yan sanda su zo su yi rubutu a ɗan littafi su tafi. Alƙali ya saki mai laifi. Sai tsohon ya jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ya ɗaga lambobin yabonsa na soja, ya ɗauko abin da yake ƙasansu. Daga nan kuma sai lissafin gawa.

Baba Toma ya ce mini masu ra'ayin riƙau ne suke shirya su, mutanen da suke ganin ƙasarsu ta lalace tun ranar da aka daina tsawata wa yara kuma baƙi suka yi yawa. Na ce ai ko majalisar ƙofar shagona abin da take faɗa ke nan kullum bayan la'asar. Ya ce, "To, Tela, in ka sake kallo ka duba fatar yaran da ake harbewa. Rabinsu da 'ya'yanmu suke kama." Ban taɓa lura ba sai da ya faɗa, kuma daga nan daɗin kallon ya ragu mini.

Abin da majalisar tawa ta ƙi yarda da shi har yau shi ne wai tsoffin nan talakawa ne. Mutum yana zaune a bene hawa na goma sha biyar, ga taga ta gilashi, ga ruwa yana fitowa daga bango, ga wuta ba a ɗaukewa, a ce mana matalauci ne? Baba Toma ya yi bayani har ya gaji cewa a can mai hali a ƙasa yake zama da ɗan lambunsa, talaka ake turawa sama. Aka yi masa shiru irin na girmamawa, yana tashi aka ci gaba da cewa Turawa dai ba su san wahala ba.

Yadda yake aikinsa ya bambanta da na kowa. Sauran masu fassara barkwanci suke zubawa, su sa Bature yana neman kunun gyaɗa. Shi ba ya ƙari ba ya ragi, yadda aka rantsar da shi a kotu. Ashar kaɗai yake kaucewa. Idan ɗan daba ya ɗura wa tsoho zagi mai nauyi, sai ka ji Baba Toma ya ce cikin natsuwa, "A nan ya ambaci mahaifiyarsa." Saboda wannan gaskiyar tasa mutane suka so aikin, kuma ita ce ta jawo masa abin da bai taɓa zato ba. Mutanenmu ba su raba murya da mai ita ba. Bature ne a hoto, amma Toma suka ji ya ce, "Kotu ta yi barci, ni ban yi ba," saboda haka a wurinsu Toma ne ya faɗa. 'Yan acaɓa su ɗaga masa hannu su maimaita masa ita a titi. Mai tumatir a kasuwar Muda Lawal ta ƙara masa gyara ta ce Allah ya bar mana irinku. Har wani ya taɓa zuwa masa da maganar akuyarsa da aka sace, yana cewa, "Baba, kai ka san yadda ake yi da su." Kullum amsarsa ɗaya ce, shi tafinta ne. Amma na san abin yana ɗan yi masa daɗi, don na sha ganin yadda yake gyara wuyan riga idan an kira shi.

Hammajoda yana cikin masu fakawa a ƙofar shagona lokacin azahar. Bafulatani ne daga wajen Zungur, ya haura hamsin, shanu sun ƙare ya shigo gari ya kama tuƙin keke napep. Mutum ne mai ƙarancin magana, in ya gaishe ka ya gama da kai ke nan sai gobe. Shekara uku da suka wuce aka soke ɗansa na fari, Sabitu, da rana tsaka a wani lungu, a kan waya. Shekararsa goma sha tara. An kama mutum ɗaya aka kai kotu. Hammajoda ba ya jin Turanci, sai Baba Toma ya ɗauki nauyin raka shi. Duk zaman da aka yi, yana gefensa a benci yana raɗa masa abin da ake faɗa. Shekara biyu ana ɗagewa. Mutum ɗaya da ya ga abin da idonsa ya zo sau biyu, daga nan ya ɓace, aka ce ya bar gari. A farkon daminar bara alƙali ya ce babu hujjar da za a ci gaba da riƙe wanda ake tuhuma, ya sallame shi. Baba Toma ya fassara masa wannan ma, kalma da kalma.

Mu a majalisa yabon Hammajoda muka yi ta yi. Bai yi kuka ba, bai ɗaga murya ba, ko sunan yaron bai ambata ba. Muka ce ga mai tawakkali. Mun manta cewa Bafulatani ba ya kiran sunan ɗansa na fari ko yana raye, kuma ba ya nuna zafinsa a gaban mutane. Kunya muka gani muka ɗauka haƙuri ne.

Ni na fara gane akwai matsala, kuma ba don wayo ba. Mako biyu bayan hukuncin ya cire rigar kujerar baya ta kekensa ya kawo mini, ya ce in ɗinka masa aljihu ta ciki, na ajiye takardun keke. Na ce wane girma? Ya gwada mini da hannu. Na sa tef: tsawo inci goma sha huɗu, faɗi inci biyu da rabi. Na ɗinka, ya karɓa ya tafi. Sai da na zauna cin abinci sannan awon nan ya dawo mini a rai. Shekara ashirin da shida ina ɗinki, ban taɓa ganin takarda mai wannan siffar ba. Kuben wuƙa na ɗinka masa da hannuna. Washegari da ya shiga masallaci na je na shafa kujerar, na ji abin a kwance a ciki. Wayarsa tana maƙale a gaban keken, ya manta bai kashe ba, muryar Baba Toma tana fita a hankali tana cewa kotu ta yi barci.

Na shiga ɗakin Lucky na jawo Baba Toma waje na gaya masa. Ya tsaya a jikin keken har aka idar da salla.

"Hamma," ya ce, "me ke cikin kujerar nan?"

Hammajoda ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya ce, "Abin da ka sani ne, Baba."

"Kana da mata, kana da 'ya'ya huɗu, ga Inna ta tsufa. In ka yi wannan, rataye ka za a yi."

"Na bi kotu shekara biyu, kana gefena. Kai da bakinka ka ce in ta yi barci mutum ya tashi."

"Ba ni na faɗa ba. Baturen ne ya faɗa, ni fassarawa na yi."

"To ni a bakin wa na ji?"

Hammajoda ya tayar da kekensa ya tafi. Na ce mu ƙwace wuƙar, ko mu gaya wa hukuma. Baba Toma ya ce wuƙa tana nan tuli a kasuwa, in an karɓe wannan gobe ya sayi wata, kuma mun tozarta mutumin da aka riga aka zalunta. Da yamma ya hau acaɓa ya tafi gidan Hammajoda, ya gaishe da mahaifiyarsa ya gaya mata komai. Tsohuwar ta ce daga magariba zuwa safe ɗanta yana hannunta, makullin keke a bakin zanenta zai riƙa kwana. Saura rana.

Washegari ƙarfe bakwai Hammajoda ya fito ya tarar da Baba Toma zaune a kujerar baya, daidai kan aljihun da na ɗinka, da lemarsa da gorar ruwa.

"Ina za ka, Baba?"

"Inda za ka."

Haka aka fara. Daga Yelwa zuwa Wunti, daga Wunti zuwa Muda Lawal, a dawo, a sake komawa, tun safe har a kira magariba. Fasinja su shiga su fita, shi yana nan a lungunsa na dama. A ɗora masa buhun albasa a ƙafa, a ba shi riƙon jariri, ya karɓa. Wasu su gane muryar su ce ya yi musu ta fim, ya ce maƙogwaro yana ciwo. Idan Hammajoda ya shiga salla, Baba Toma ya zauna gadin kujerarsa. Ranar Lahadi ta farko bai je coci ba, abin da bai taɓa yi ba a shekara arba'in in ba ciwo ba. Mama Roda ta yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Da ya zaunar da ita ya gaya mata dalili, ita ce ta sa masa littafin waƙoƙi a aljihu, ta ce ya riƙa yi a hanya, Allah yana ji ko a keke.

Hammajoda ya yi iya ƙoƙarinsa ya gajiyar da shi. Duk ramin da ke titin Bauchi sai da ya gabatar wa ƙashin bayan tsohon nan da shi. Ya daina gaishe shi. Wata rana ya ƙi tsayawa cin abinci har la'asar. Amma ya buɗe baki ya ce wa dattijo sauka mini daga keke, wannan tarbiyyarsa ba ta ba shi ba, kuma Baba Toma ya san haka sarai. A nan ya kama shi.

Na zaci wa'azi yake yi masa a hanya. Da na tambaya ya ce ko kalma ɗaya. "Me zan ce masa, Tela? In ce kotu ta yi daidai? Na yi shekara talatin da ɗaya a cikinta, na san ranakun da ta yi daidai, na san waɗanda ba ta yi ba. Kuma ba ni da maganar da ta kai ta fim ɗin daɗi a kunne. Masu rubuta ta sun iya aikinsu. Zama kawai na iya."

Lucky kuwa ya shiga uku. Sababbin finafinai shida sun taru, masu tura wa mutane a waya suna ta kira. Ya tare Baba Toma a ƙofar shagona ya ce ko awa biyu ya ba shi a rana. Baba Toma ya ce ya ajiye su tukuna. Lucky ya ce, "Baba, fim ne fa. Kai da kanka kake cewa kai tafinta ne kawai."

"A kotu in na faɗi maganar mai laifi, akwai alƙali a sama da ni, akwai lauya da zai tashi ya musa," in ji shi. "A wayar mutumin nan ba kowa sai ni."

Lucky ya gwada yi da kansa. Ta bango na ji shi, kuma gara ban ce komai a kan wannan ba, maƙwabcina ne.

Ni dai kullum da fargaba nake buɗe shago. Ina son Hammajoda, kuma ina jin kunyar ɗinkin da na yi. Idan na hango keken ya shawo kwana da farar riga a baya, sai in ji numfashina ya daidaita. A mako na biyar na ga wani abu ya ɗan sauya. Hammajoda ya sayi masar shinkafa a leda, ya miƙa baya ba tare da ya juya ba. Baba Toma ya karɓa ya ci. Amma da na shafa kujerar lokacin salla, abin yana nan inda yake.

Ƙafafun Baba Toma suka fara kumbura. Shekararsa sittin da tara, kuma damina ce, labulen keken a yage yake ta ɓangarensa. Na ce ya bari in karɓe shi ko kwana biyu a mako. Ya yi dariya ya ce ni Hamma zai iya sauke ni a kwanar farko, don na girme shi da shekara ɗaya tak.

A mako na takwas, wata ranar Talata, aka yi ruwa mai ƙarfi suna hanya. Laraba da safe ƙarfe tara ta yi ban ga keken ya wuce ba. Goma ta yi. Na kira Mama Roda, ta ce Baba yana kwance da zazzaɓi tun jiya, ya yunƙura zai fita jiri ya mayar da shi gado. Na kira Hammajoda, waya a kashe. Na bar rigar wani ango a buɗe a kan tebur, na ja ƙofa na tare ɗan acaɓa. Ban san inda zan nemi Hammajoda ba, saboda haka na nufi Yelwa, ko Baba ya san inda yaron nan da kotu ta sallama yake zama. A hanya addu'a nake yi, amma raina ya riga ya ba ni cewa an gama.

Muna shan kwanar layinsu na ga keken a ƙofar gidan, a karkace, kamar wanda aka faka da gaggawa. Na shiga da sallama. Baba Toma yana kwance an lulluɓe shi da bargo biyu, Mama Roda tana tsaye da kofi a hannu. Hammajoda yana zaune a ƙasa a gefen gadon, ya jingina da bango, hularsa a gwiwa. Bai daɗe da shigowa ba, don har lokacin yana haki.

Bai dube ni ba, da Baba yake magana. Ya ce da ya fito da safe ya ga ba kowa a keken, har ya ji daɗi. Ya ɗauki wata mata zuwa Muda Lawal. Yana sauke ta sai ga yaron, yana dako, da buhu a ka, ya zo ya tsaya dab da keken yana jiran mota ta wuce.

"Da na miƙa hannu zan taɓa rigarsa," ya ce. "Ya yi ƙiba, Baba. Yana cin abinci."

Mama Roda ta ajiye kofin.

"Na juya in ce maka ga shi nan. Sai na ga kujera ba kowa." Ya murza hular a hannunsa. "Ban san yadda na fito daga kasuwar ba. Ban ajiye maganar nan ba, kada ka ɗauka na ajiye. Amma yau in na zauna ni kaɗai ban yarda da kaina ba. Tunda ba za ka iya zuwa nawa ba, na zo naka."

Baba Toma ya fito da hannu daga cikin bargo, ya ɗora a kafaɗarsa. Muryar nan da duk gari ya sani da kyar take fita. Ya ce, "Roda, kawo masa tabarma, ƙasan da sanyi."

Ta kawo tabarma, ta kawo buta ta ajiye a bakin ƙofa, ta nuna masa inda gabas take. Ni na fita tsakar gida na zauna a kan turmi, don ban so su ga fuskata. Ta taga na ji Baba Toma yana ƙoƙarin tashi zaune, Hammajoda yana ce masa, "Kwanta, Baba, ka yi barcinka. Ba inda za ni."